Ba Sai An Je Benin Ba

Sati uku likita ya ba mu mu koma, mu kuwa sai da muka ci tara. Ga abin da muka sa a kasada cikin makonnin nan: ƙanwata, uwa ɗaya uba ɗaya, mai shekara talatin da takwas, ƴaƴanta huɗu, ƙaramar ba ta fi wata biyar da yaye ba, nononta na hagu, inda wani ƙullutu kamar ƙwallon dabino ya zauna, sai kuma hankalinta, wanda a lokacin babu wanda ya sa shi a lissafi, har ni. Mu biyu muka yi wannan kasada, ni da mijinta, kuma ba mu tambaye ta ba.

Ni gwanjo nake sayarwa. Da rigunan yara a kafaɗa na fara, ina bin gida-gida, yau ina da magaza biyu, manyan shaguna, a Gaya, ana kawo mini dila, wato ƙullin gwanjo, daga Kwatano ina raba wa masu rumfuna. Ban yi lakwal ba, wato boko. Faransancin da na iya na bakin duwan ne, wurin kwastan, da na direbobin kamiyo, manyan motocin kaya: lissafi, gaisuwa da zagi. Ƙanwata, wadda duk gidanmu Auta muke ce mata, tana da rumfa a ƙofar magazata, tana zaɓen kayan yara daga dila tana sayarwa ɗaiɗai. Ban taɓa ganin mai son ciniki kamarta ba. In mai saye ya biya kuɗin farko da ta faɗa, ranta ɓaci yake, ta ce ya raina ta. So take a taya ta ce albarka, a yi rantse-rantse, mutum ya yi fushi ya tafi ta kira shi, a kushe riga a kushe wanda ya ɗinka ta, sannan a rabu ana dariya. Duk layinmu an san muryarta kafin a san fuskarta.

Ita ta gano ƙullutun. Ta yi wata biyu tana cewa nono ne ya daskare saboda yaye. Da ya ƙi bajewa sai ta ja ni bayan dila ta ce in taɓa. Na ji shi da tauri, ba ya gudu ƙarƙashin yatsa. Mijinta mai aikin takardun kaya ne a bakin iyaka, ya yi lakwal, Malam muke ce masa. Danginsa na Tanda suka ce a ƙetara da ita Benin, kamar yadda mutanenmu da yawa ke yi in ciwo ya yi tsanani. Lokacin gadar kogin da ke tsakaninmu da Benin a rufe take, sai dai kwalekwale, Auta kuwa tun muna yara take tsoron ruwa. An yi kwana da kwanaki ana wannan gardama, Benin ko Yamai, har na ce ni ke da mota, Yamai za mu. A can aka ɗebi ɗan nama da allura, aka ce mu dawo karɓar sakamako. Muka dawo mu uku.

Likitan saurayi ne, Bazabarme, Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba. Ya dubi takarda, ya dubi Malam, ya shiga Faransanci. Ban kama komai ba sai wuri ɗaya, inda ya girgiza kai ya ce, "Se pa benin." Ya sake faɗa a hankali.

Auta ta juya wajen mijinta. "Malam, mi ya ce da Benin?"

Malam ya kau da ido. "Ya ce ba sai an je Benin ba."

"Alhamdu lillahi! Yaya, kin ji? Na huta da kwalekwale."

Ta yi dariya, ta tafa hannu, ta yi ta yi wa likita fofo, godiyar Zabarmawa. Ya dube ta da mamaki, sannan da girmamawa. Ina jin ya ɗauka ya gamu da mace mai ƙarfin zuciya. Ya rubuta ranar dawowa ya miƙa wa mijin.

Ni ma na yarda, har na ce mata ai ga shi, da an bi ta dangin Tanda da an yi wahalar banza. Daga baya na san cewa a Faransanci, kalmar da likitoci ke kiran ƙullutu mara cutarwa da ita, da sunan ƙasar da ke ƙetaren koginmu, a baki ɗaya suke. Likitan cewa ya yi wannan ba mai sauƙin ba ne.

Da muka fito Auta ta tafi alwala. Malam ya matso kusa da ni a baranda, takardar a hannunsa.

"Hajiya, ciwon daji ne."

Na ce ya sake faɗa.

"Daji ne. Ya ce a dawo bayan sati uku a fara magani. Wataƙila a cire nonon."

"To mi ya kai ka ka ce mata haka?"

"Bakina ne ya kama kalmar, wallahi ban shirya ba. Don Allah don Annabi kada ki faɗa mata. Kin san ta. Jin sunan kaɗai sai ya kayar da ita. A bari ta huta, ni da kaina zan faɗa mata in lokaci ya yi."

Na ce to. Ni da ba na karɓar dila sai na yanka ƙarfen ɗaurinta na tura hannu har gwiwa, na karɓi wannan magana a ɗaure. Na gaya wa kaina tausayi ne, kuma haka muka taso muka ga ana yi: babanmu har ya rasu bai san abin da ke cin cikinsa ba, kowa ya ce mun kyauta. Gaskiyar ita ce tsoro na ji. Ba na son in zama wadda za ta ga fuskar Auta a lokacin da za ta ji. Muka kamo hanya, tana ta zolayar mijinta har Doso, wai ya yi shiru kamar shi aka soka wa allura.

Asirin da muka ɗauko bai kwana bakwai ba. Malam ya gaya wa wansa, don ba a ɓoye wa babba. Ya gaya wa liman don a sa ta a addu'a. Ni ma na gaya wa wata aminiyata, na sa ta rantse, ita ma na tabbata ta sa wata ta rantse. Kafin kasuwa ta zagayo sau biyu, daga unguwarsu har layin ƴan gwanjo babu babban da bai sani ba. Mutum ɗaya aka ɓoye wa, mai ciwon.

Akwai maƙwabciyarta da suka shekara shida ba sa ga-maciji a kan ruwan wanki da ke bi ta ƙofar gida. Ran nan sai ga ta da kwanon soyayyen kifi, ta durƙusa, ta ce a yafi juna, duniya ba tabbas. Auta ta zo kasuwa tana ba ni labari tana riƙe ciki don dariya.

"Yaya, matar nan ko Makka za ta? Ban ji an biya mata ba."

Bayan kwana biyu wata ta zo neman gafara, sai wata. Dariyar ta fara raguwa. Mutane suka riƙa ce mata "ya jiki?" tana tsaye da ƙafafunta tana ɗaga kaya. Malam, wanda bai taɓa cin miya bai ce gishiri ya yi yawa ko ya yi kaɗan ba, ya koma cin duk abin da aka ajiye masa yana sa albarka. A wani gidan suna ana miƙa jariri hannu zuwa hannu, da ya iso kanta sai kakar ta miƙe ta karɓe, wai barci yake ji. Matar da ta kawo mata abinci da safe, da rana ta ƙi shan ruwa a moɗar da Auta ta sha, don wasu sun ce ana ɗauka. Ba wanda ya faɗa mata mugun abu ko ɗaya. Kirki aka yi ta yi mata, irin wanda ake yi wa wanda aka gama da shi.

Ranar komawa ta matso. Malam ya ce mata jibi za su Yamai.

"Yin mi?"

"Dubawa kawai."

"Likita da bakinsa ya ce abin bai kai a wahala ba. Yara na shirin komawa lakwal, kowa na neman riga da wando, in rufe rumfa in tafi dubawa? Bari kasuwa ta lafa."

Mi zai ce? Da ƙaryarsa ya rufe wa kansa ƙofa. Ya zo mini da wai ta ƙi. Na ce ya faɗa mata mana. Ya ce a bari hidimar nan ta wuce. Na yi tsaki, na koma cikin kayana. Ranar ta zo ta wuce, ina sane da ita tun daga asuba har magariba, ban ce uffan ba.

Daga nan na ga abin da ban taɓa gani ba. Ciwon da ke nonon bai hana ta komai ba tukuna, ko zafi ba ya yi mata sosai, amma Auta ta fara ƙarewa a gabana. Abinci sai ta ɗan taɓa ta ture. Babbar ƴarta ta gaya mini ba ta barci. A rumfa ta daina kiran masu wucewa, sai ta zauna tana bin fuskokin mutane da ido, in biyu suka tsaya suna magana nesa sai ta miƙa wuya. In an yi dariya ta tsargu, in an yi shiru ta tsargu. Wata rana ta ce mini, "Yaya, don Allah gaya mini gaskiya, wari nake?" Ashe ta koma wanka sau uku a yini. Wata rana kuma ta tambaye ni ko na ji wata magana a kan Malam da matan bakin iyaka. Ta ɗauka cutar zamani ya kwaso ya sa mata, shi ya sa ake ƙyamar moɗarta, shi ya sa ya yi laushi. Ta saci jiki ta je aka gwada jininta, aka ce lafiya lau. Maimakon ta samu sauƙi sai abin ya ƙaru, don wannan ne kaɗai bayanin da ta samo da kanta, shi ma ya kuɓuce.

"Takarda ta ce lafiya, likita ya ce lafiya, ku kun ce lafiya," in ji ta. "Idon mutane kuma ta'aziyya yake mini."

Na ce gajiya ce, ta riƙa shan kunu da safe. Har yau in na tuna na faɗi haka sai in ji kamar in mari kaina.

Akwai wata tsohuwa Badendiya mai sayar da kifi, mai jikoki da yawa, wadda ta fi kowa iya taya kaya a Gaya. Ita da Auta in suka haɗu, masu rumfunan kusa barin aikinsu suke su saurara. Wata safiya ta zo sayen rigar jikanta. Ina cikin magaza, ban ji hayaniyar da na saba ji ba. Can sai ga Auta ta shigo, kuɗi a tafin hannunta a buɗe, kamar ta ɗauko garwashi.

"Yaya, tsohuwar nan mai kifi. Shekara goma ko ɗan kamfai ba ta taɓa saye ba sai ta ce mini ɓarauniya. Yau da gangan na ninka mata kuɗin sau huɗu. Ta kwance bakin zane ta biya. Har da na gode."

"Wataƙila kifi ya yi kasuwa."

"Yaya, dube ni."

Na dubi dilar da ke gabana.

"Mi ke gare ni?"

"Ba komai, Auta."

Ƙaryar farko ta mijinta ce, kuma zan iya cewa bakinsa ne ya zame. Wannan tawa ce, a tsaye na yi ta, da rana tsaka, bayan yarinyar ta kawo mini shaida a hannu. Ni na koya mata cewa in mai saye bai taya ba, akwai abin da ya sani wanda mai kaya bai sani ba. Ta yi aiki da abin da na koya mata, ta samo amsa daidai, ni kuma na ce mata ta yi kuskure.

Ba ta sake tambayata ba. Bayan ƴan kwanaki ta yanke wa kanta hukunci: tunda kowa ya ce ba komai, ita kaɗai ke ganin wani abu, to kanta ne ya taɓu. Ta ce wa mijinta iskoki ne suka shige ta, ya kai ta wurin wani mai ruƙiyya a wani ƙauye bayan Tanda, in ta kama a ɗaure ta a ɗaure. Malam ya zo aron mota. Abin da ya fara tayar mini da rai shi ne fuskarsa: a sake take, kamar wanda aka sauke wa kaya.

"Ita da kanta ta nema, Hajiya. A bar ta ta je, ko hankalinta zai kwanta."

Na ce ya shigo ciki, na tura ƙofa.

"Malam, ka fi son a ce matarka ta haukace da ka buɗe baki ka faɗi kalma ɗaya?"

"Ba haka ba ne. Ke ba ki sani ba, in ta ji..."

"In ta ji mi zai faru? Ta daina cin abinci? Ta daina. Ta daina barci? Tambayi ƴarka. Ta rame? Dubi wuyanta. Mi ya rage wanda kake tsare ta daga gare shi? Za ka kai ta a yi ta mata hayaƙi ana tambayar aljani sunansa, alhali sunan yana cikin aljihunka a rubuce!"

"Hajiya, matata ce."

"Kafin ta zama matarka ni na goya ta. Mota ba za ta Tanda ba. Yau za ta ji, ko daga bakinka ko daga nawa."

Ya zauna a kan dila ya rufe fuska, babban mutum. Ya ce ba zai iya ba. Ba mugun miji ba ne, ban taɓa jin ya ɗaga mata murya ba, kuma daga baya shi ya yi ta jinya ba gajiya. Wannan ne ma ya fi ba ni haushi. Da mugu ne da tun a baranda na gane shi na ƙi. Kansa yake jin tausayi yana kiran abin da sunanta, ni ma haka, garin ma haka. Kowa ya samu ladan gaishe da mara lafiya, ba wanda ya ɗauki nauyin gaya mata ba ta da lafiya.

Da ya fita na leƙa na kira ta. Hantsi ne, kamiyo na ta wucewa. Na zaunar da ita, na zauna a gabanta, wannan karon na dube ta.

"Auta, likitan nan bai yi maganar ƙasar Benin ba. Kalmarsu ce ta likita ta yi kama da haka. Daji ne a nononki. Ya ce mu koma bayan sati uku a fara magani, yau sati tara ke nan."

Ba ta faɗi ba, ba ta yi ihu ba. Ta daɗe tana kallon bakina.

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun ranar. Kina alwala."

"Wa da wa ya sani?"

Na fara lissafa mata, ta katse ni.

"Mai kifi?"

"Har ita."

"Maƙwabciyata?"

"Awo, har ita."

"Wato ba hauka nake ba."

"Ba hauka kike ba. Duk abin da kika gani, haka yake."

Sai ta kifa kai a gwiwa ta yi kuka, kuka mai yawa, na kai hannu ta ture. Da ta ɗago, muryar da layinmu ya sani ce ta dawo, wadda na yi wata biyu ban ji ba.

"Kun bar ni ina wanka sau uku! Kun bar ni na zargi bawan Allah da abin da bai yi ba, na je na miƙa hannu an ɗebi jinina a ɓoye kamar karuwa! A jikina abin yake, Yaya. Jikina! Kun raba labarinsa gida-gida kamar naman suna, ni kaɗai ce ba a kawo wa ba. Wa ya ce muku ni yarinya ce? Haihuwa huɗu na yi, ɗaya a cikin mota!"

Ban kare kaina ba. Ta yi ta yi har ta gaji. Ta share fuska da bakin mayafi, sannan ta ce a sayo mata shinkafa da kifi, yunwa take ji. Ta cinye tas a gabana, ba ta ce in sa hannu ba. Da ta gama ta ce gobe da asuba za mu Yamai, in gaya wa direba.

Ba zan ce tsoro ya tafi ba.  Amma yanzu ta san abin da take tsoro, tana da tambayoyi, kuma tambaya ana iya amsa ta. Ta shiga wurin likita ta ce ba za ta zauna ba sai an kawo mai jin Hausa, ban da mijinta. Aka kira wata malamar asibiti, dattijuwa, ta ja kujera ta zauna kusa da ita. Sai ga abubuwan da ke cin ta suna fitowa ɗaya bayan ɗaya. Ko wayar salula da kuɗin da take cusawa a rigar nono ne suka jawo, kamar yadda mata ke faɗa a kasuwa? Ko nonon da ta shayar da ƙaramar ya cuce ta? Ko ƴaƴanta za su ɗauka a kwano? Ko gaskiya ne in ƙarfe ya taɓa shi sai ya bazu, kamar yadda dangin Tanda suka fara aiko mata? Malamar ta bi su ɗaya-ɗaya ba gaggawa: ba laifinta ba ne, yarinya ba abin da ya same ta, ba a ɗauka a kwano ko a moɗa, kuma barin sa ne ke ba shi damar bazuwa. Na ga kafaɗun Auta suna sauka. Ƙasa da awa ɗaya matar nan ta yi, ta yi abin da mu masu ƙaunarta muka kasa cikin wata biyu. Da aka zo maganar cirewa Auta ta ce a tambayi likita ko zai rage mata rabi. Aka fassara masa, ya yi murmushi, ya ce a'a. Ta ce to Allah ya sa albarka, a sa rana.

Ni kuma na tare likitan daga baya ta bakin malamar. Ya ce ciwon ya kai har hammatarta. Na ce ko makonnin da muka ɓata ne suka kai shi? Ya ce ba zai iya cewa ba, mai yiwuwa tun farko yana can, mai yiwuwa a'a. Na matsa masa yadda nake matsa wa direban da ya kawo mini dila a jiƙe, bai canza ba. Don haka ban sani ba, kuma na gane ba zan taɓa sani ba.

An yi aikin, an yi ƙarin ruwan da ke zubar da gashi, wata da watanni muna hanyar Yamai. Akwai ranakun da ta ƙi kallon madubi, da ranakun da ta ce Malam ya je ya nemi mace cikakkiya, shi kuwa ya ce ba inda za shi. Waɗannan ma wahala ce, amma a fili aka sha ta, ana iya zama a yi maganarta. Kwanan baya wani abokin cinikina ya zo da takardar mahaifiyarsa, wai in raka su Yamai tunda na san hanya, amma kada in bari tsohuwa ta gane. Na ce masa mota ga ta, direba ga shi, ni dai ban da ni. Ya tafi yana cewa Hajiya ta yi tauri. Gaskiya ya faɗa.

Yau Auta na nan da ranta, ta koma rumfarta. Nono ya tafi. Hannun hagu yana kumbura, ba ta ɗaga kaya mai nauyi, gashi ya dawo da furfura a ciki. Ƙaramar ta isa shiga lakwal. Lokaci-lokaci ana kiranta dubawa, ni ke kai ta, a hanya mu yi hira mu ci gyaɗa kamar da. In mun isa ƙofar likita sai ta karɓi jakarta daga hannuna ta ce, "Yaya, ku jira nan." Ni da Malam mu zauna a benci kamar ƴan rakiya. In ta fito ta faɗa mana abin da ta ga dama, sauran ta riƙe. Ko a kasuwa, in na ce mata kamiyo zai iso gobe, sai in hango ta ta kira direban a salula.

In na haɗa lissafin, ran ƙanwata ya tsira, wannan riba ce babba, sai dai ba ni na jawo ta ba, Allah ne da likitoci da taurin ranta. Hasarar ce tawa ni kaɗai. Shekara talatin da takwas maganata ta ishe ta shaida, yanzu sai ta nemi ta biyu, kuma ban ga laifinta ba.